Ɗalibin da Na Kora Daga Ajinka

Zuwa ga aminina Sabo,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, kai da ko kana raye sai an yi ta bin ka da takarda kafin ka duba. Duk da haka zan rubuta.

Gida lafiya. Hajiya mahaifiyarka ta koma Tudun Wada wajen ƙaninka, masararka ta bana ta yi kyau, har an girbe. A jami'a kuwa, ni aka ba darasinka na ilimin zamantakewa. Ni ɗin nan da nake maka dariya idan ka sa an jera kujeru a da'ira, kana cewa ɗalibi ba buhu ba ne da za a yi ta ɗura masa. Takardar ƙorafin nan da aka kai a kanka, wai kana ɓata tarbiyyar yara, har da sa hannuna a ciki. Ban taɓa faɗa maka ba. Ina jin ka sani.

Na gwada hanyarka. Ranar farko na ce kada su karɓi maganata sai sun auna ta, duk wanda ya ga kuskure ya musa mini. Ka san me suka yi? Suka sunkuya suka rubuta, wani har da tambayar ko zai fito a jarrabawa. Yaran da aka horar tun suna ƙanana su durƙusa wa babba, ta yaya za su ɗaga ido su ce masa ba haka ba ne?

A mako na biyar ina bayani daga littafi cewa makiyayi ba ya noma, yawo kawai ya sani. Sai wani ɗalibi, Buba, ɗan Doguwa, ya miƙe, ya ce mahaifinsa na da shanu, yana kuma da rumbun dawa uku, marubucin ne bai taɓa zuwa garinsu ba. Aji ya kwashe da dariya. Wallahi, Sabo, ji na yi kamar an mare ni a kasuwa. Na ce ya fita, tunda ya fi littafi sani.

Ya durƙusa, ya ba ni haƙuri, ya fita. Mako uku ke nan bai dawo ba. In ya ƙara rasa aji ɗaya, doka ta hana shi zama jarrabawa. Alhali shi kaɗai ne ya yi abin da na roƙe su.

Gobe Asabar zan shiga motar Doguwa. Ban san yadda malami mai furfura ke ba ɗalibi haƙuri a gaban mahaifinsa ba. Kai ka taɓa yi? Zan dai fara da roƙon a nuna mini rumbunan nan uku.

Allah Ya haskaka kabarinka.

Naka,
Lawan, wanda ya sa hannu.