Albasar Tama

Tama, watan azumi, 2020

Zuwa ga yayana Issa, Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwatan kana lahiya kai da iyali da maƙwabta. Ya ƙishirwa? Mu nan lahiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙahwarta ta yi sauƙi.

Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba Walid direba wannan takarda, tunda shi ya samu izinin wucewa. Albasa ta yi kyau bana, garkar da Baba ya bar muna ba ta taɓa ba da irin wannan ba. Sai dai babu mai saye. Tunda ciwon korona ya shigo, kamiyon ɗaukar kaya ya yi wuya ga tashar Madawa. Direbobi sun ce ana tsare su ga kowace iyaka har kaya su yi laushi. Walid ma ba shi da wuri cikin motarshi, an riga ni. Hanyar Najeriya kuwa tun bara take ruhe, man injin ban ruwa ya yi tsada. Samarin da sunka tahi cin rani suna dawowa ta daji, hannu wohi.

Na zuba albasar cikin rudu, rumbunmu na kara, ina jira. Kamar kullum, ni noma, kai saidawa. Ka gaya mini abin da za ni yi.

Ƙanenka,
Ango

Tama, bayan babbar salla, 2020

Yaya Issa,

Sallama da gaisuwa. Ya ruwa wajenku? Nan damana tana tahiya daidai, hatsi ya hwara ɗaukar ciki.

Na samu saƙonka na baki cewa in ƙara haƙuri. Na yi, amma albasa ba ta yi ba. Laima ta shiga rudu. Ni da Hafsa matata munka zauna muna tsince mai kyau, sauran munka kai bayan gari da amalanke. Warin ya daɗe cikin tuhwahinmu. Wata ƴar kasuwa daga Buza, Hajiya Lalla, ita kaɗai ta zo ta kwashe abin da ya rage. Da araha ta saya, amma ta zo.

Walid ya ce kasuwarku ta buɗe, ya kuma ga rumhwarka cike da albasar Burkina, wadda hanyarta ta hi kusa. Ban yi mamaki ba. Kana da baki da yawa da kake ciyarwa, kuma masu saye ba su jiran Tama. Na so dai a ce daga bakinka na ji.

Na saida injin ban ruwa na sai dawa. Inna ba ta sani ba, kada ka hwaɗa mata.

Ka gaida matarka Mariyatu da ɗiya.

Ango

Tama, rani, 2022

Yaya Issa,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Ina hwatan jikin Mariyatu ya yi sauƙi. Inna ta ji daɗin turmin zanen da ka aiko, ta ce Allah shi yi albarka.

Na karanta takardarka. Ka ce Kumasi ta murmure, matan kasuwa suna tambayar albasarmu da suna, in shirya maka lodi kamar da. Ba za ya yiwu ba, ga dalili.

Shekarar da ta biyo bayan asara, da guga na yi ban ruwa, ɗan abin da hannuna ya iya. Na sa kabeji da tumatir da zogale, Hafsa tana kaiwa kasuwar Buza da ta Madawa. Ribar ba ta kai ta albasa ba, amma ana ci nan kusa, ba ta tsallake iyakar kowa. Bana na sai tsohon inji, na maida albasa gehe guda. Wannan kuwa na yi ma Hajiya Lalla alkawarinta tun tana iri. Tunda anka buɗe hanyar Najeriya Sakkwato take kaiwa. Naira ta lalace, Hajiya ma tana kuka, amma na riga na ba da baki.

Ba hushi nake ba. Na lura ne cewa in duniya ta tsaya, kai kana da inda za ka juya, ni kuwa ina nan inda ƙasar take. Saboda haka na kira liman da kawu Jima, sunka raba garka biyu, anka kahwa duwatsu. Rabonka yana nan, ban shuka komi ciki ba. In kana son albasar Tama, ka zo ka noma, ko ka hwaɗi wanda za a ba.

Rijiya ta hwaɗo ɓangarenka. Ina ɗibar ruwa cikinta. In ba ka yarda ba, ka sanar da ni kahin sanyi, in gina tawa.

Inna da Hafsa suna gaisuwa. Na bar ka lahiya.

Ƙanenka,
Ango