Baba Bai Ji Tashin Jirginsa Ba

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi dai ko? Mu nan unguwar Ka'akiyya a Makka alhamdulillahi.

Kin san ƙaramin jirgin saman wasan Baba, wanda ake juya shi da doguwar wayar ƙarfe. Mansa ya yi wuyar samu, sai na cire injin na sa masa wani mai aiki da batir. Ban tuna cewa tun da idon Baba ya tafi, da kukan injin yake bin jirgin ba.

Ranar Juma'a na kai shi fili wajen Muzdalifa. Jirgin ya tashi lafiya lau, yana ta alkafura, ba ƙara. Da na sauke shi, Baba ya ce, "Yalla, Habibu, tayar da shi mana!"

Da ƙyar na gaya masa ai ya riga ya tashi ya sauka. Ya shafa fiffiken, ya ce, "Halas, shi ke nan, mu je gida." Bai sake zancensa ba.

Wanda na ba tsohon injin ya bar Makka, ina nemansa. Ki taya ni addu'a. Ki gaida Inna Asabe. Don Allah ki riƙa kiran Baba, yanzu yini yake a ɗaki.

Ƙaninki,
Habibu