Kwalbar da Ke Saman Durowa

Mendoza, Talata, 8 ga Maris, 1994

Zuwa ga Yayata Noelia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama da Baba. Yaya ciwon bayan Mama? Na iso lafiya, Goggo Herminia ta tarbe ni a tasha. An auna ni jiya, rigar biki za ta fito Alhamis, amma gaskiya hankalina ba ya kanta.

Yaya, Baba ya duba saman durowa? Tun da kwalbar giyar inabin nan ta suɓuce mini ta fashe ina sauko da akwati, na kasa zama wuri ɗaya. Tun ina jaririya ya saye ta, da shekarar haihuwata a jikinta, kuma duk garinmu Malargüe babu wanda bai gaya wa ba cewa da hannunsa zai buɗe ta ranar Asabar, wajen bikin cikata shekara goma sha biyar. Don Allah ki bar bargon yadda muka naɗe shi a gurbinta.

Takardar da muka ɓamɓare daga fasasshiyar tana cikin littafin lissafina. Dole na gaya wa Goggo, tunda ba a sayar wa yarinya giyar inabi. Ta ce, "Ke da hannun nan naki kamar an shafa man shanu! Sa takalminki mu tafi." Shago biyar muka shiga. Ko'ina sai in miƙa takardar in sunkuyar da kai, Goggo ta yi bayani. Babu mai ita. Wani ma ya ce masu yin ta sun rufe tun kafin in shiga firamare.

Ƙarfe ɗaya na yi, kowa ya ja ƙofarsa ya tafi barcin rana, har Goggo. Ni kuwa ina ta zagaye tsakar gida ina jiran biyar ta yi.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Itatí

Mendoza, Alhamis, 10 ga Maris

Yaya Noelia,

Ina fatan kun tashi lafiya. Direban bas ya ba ni saƙonki, na gode Allah da Baba bai lura ba.

Jiya aka kwatanta mana shagon wani tsoho, Don Evaristo, a bayan kasuwa. Kwalabensa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke, wuri mai sanyi, duk a kwance. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "'Yata, wannan ai ta cin taliyar Lahadi ce, ba ta ajiya ba. A ina kuka aje ta?" Na ce saman durowa, a tsaye, ƙarƙashin rufin kwano. Sai ya dafe kai. Wai abin toshinta ya bushe tuni, da an buɗe ta gaban baƙi ruwan tsami za a zuba musu. Yaya, kin tuna warin da muka ji muna goge ɗaki?

Goggo ta yi dariya har da hawaye. "Ƙanina ke nan! Ya san taya, ya san inji, amma kwalba sai ya aje ta kamar kofin gasa." Daga nan ta roƙi tsohon ya nemo mai kyau mai irin sigar tamu. Ya ɗauko, ya manna mata takardarmu tsaf, ya ce in baɗa mata ƙura kaɗan. Goggo ta ce shi ke nan, an rufa mini asiri, an rufa wa Baba.

Ga ta nan kan tebur. Na ɗauka zan samu natsuwa. Amma da na dube ta sai in ga Baba ya miƙe da kofi yana cewa shekara goma sha biyar yana tsaronta, ni kuma ina zaune cikin sabuwar riga ina tafa masa. Na sa ta a akwati na fitar sau uku.

Akwai wata wasiƙa a cikin wannan. Ki miƙa masa, kada ki hana, don Allah.

Taki,
Itatí

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da ladabi, da fatan ka dawo daga tafiya lafiya.

Baba, kwalbarka ta fashe. Ni na fasa ta, ranar Lahadi, kuma na ɓoye maka. Yaya ba ta da laifi. Zan zo da wata da aka manna wa takardar waccan don kada ka gane, amma na kasa yi maka ƙarya. Mai shagon ya ce mai kyau ce ƙwarai. Ko ka buɗe ta ko ka bari, duk yadda ka ga dama.

Bas ɗinmu zai iso gobe ƙarfe huɗu na yamma. Idan na gan ka a tasha, zan gane. Idan Yaya ce kaɗai ta zo, shi ma zan gane.

'Yarka,
Itatí