Buzun da Na Shimfiɗa wa Ɗan Takara

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai kai.

Mazaɓarmu ta dā babu ita yanzu. Da soja suka tashi mayar da mulki ga farar hula, aka raba ta biyu, kowane ɓangare da sabon suna. Ka tuna yadda take, garin Yendi da ƙauyukan doya har bakin kogi, kujera ɗaya a majalisa? Mutum uku suka hau kujerar nan a idonka, kuma babu wanda bai fara zuwa zaurenka neman addu'a ba. Kowa a tabarma kake zaunar da shi, shi da abokin takararsa, goro iri ɗaya, fatiha iri ɗaya. Kullum kana cewa mu 'yan zongo, unguwar Hausawa, baƙi ne, ba mu da ɓangare. Ni a lokacin na ɗauka tsoro ne ke damunka. Ban taɓa faɗa maka ba, ka yafe mini.

Sabon rabon ya bar mu a tsakiya. A mazaɓar da muka faɗa, mutanen gari sun rabu gida biyu, kowane gida da ɗan takararsa, sun yi kankankan, ƙuri'ar zongo ce za ta raba gardama, ido duk yana kanmu.

To ga abin da na aikata. Ranar Talata ɗaya daga cikin 'yan takarar ya zo, ruwan sama ya jiƙa tabarmi, kunya ta kama ni, na ciro buzunka na shimfiɗa masa. Buzun da ko liman bai taɓa zama a kai ba! Wallahi ban nufi komai ba. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa, wai gidan Malam ya zaɓa, zongo ya zaɓa.

Har yau ɗayan bai zo ba. Mutanensa sun daina amsa gaisuwarmu. Matan da ke kawo wa Inna doya sun wuce rumfarta ko waiwaye babu. Yaya Habiba ta aiko daga Bawku in kwashe iyali, ta ce haka rikicinsu ya fara. Kawu na Salaga ya ce in yi shiru. Wane shiru, Baba? Inna ta ƙulle kayanta a zane ta ajiye bayan ƙofa, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Gobe da hantsi zan naɗe buzun, in ratsa kasuwa da shi kowa yana kallo, in kai gidan ɗayan, in roƙe shi ya zauna a kai. In ya zauna, mun koma daidai. Tsoro nake ji, kuma yau ce ranar da na gane naka ba tsoro ba ne.

Allah ya kai haske kabarinka. In ba su buɗe mini ƙofa ba, ka matsa mini wuri kusa da kai.

Ɗanka da ya shimfiɗa buzun,
Iliyasu