Ƙanin Babanta

Zuwa ga Yaya Bala,

Assalamu alaikum, Yaya. Da kana nan da sai in ce ina gajiya, ya ofis, ya cunkoson hanyar Madalla. Yanzu kuwa sai dai in ce Allah Ya kai haske kabarinka. Na san takardar nan ba za ta zo hannunka ba, shi ya sa ma na iya rubuta ta. Da kana raye, ko da wuƙa a wuya ba zan faɗi rabin abin da ke cikinta ba.

Gida kowa lafiya. Doyar bana ta yi, sai dai gonar ce kullum take ƙanƙancewa. Filin da ke yamma da mu an sayar, an jera ɗakunan haya, masu aiki a Abuja sun cika su, shanyarsu har kan shingenmu. Matata Lami ba ta sallah ba ta sa ka a addu'a ba. Matarka Hajiya Rabi ta koma aiki, ita ke ɗauke da karatun yarinya kamar yadda ka bari, kuma ba ta gaza ba.

A kan yarinyar nake son magana. Ka ga, ko a takarda sai na ce yarinya. 'Yar fari ce a wurina, ga shi sunan Innarmu ta ci, to ta ina bakina zai kama sunan? Shekara goma sha bakwai ina fama da "ita wannan" da "mai sunan Inna". Kai kuwa tun daga zaure kake ƙwala mata kira, ka ɗora ta a wuya kuna zagaya gida. Ranar da aka yaye ta ka zo ka ce za ka riƙe ta, tunda Allah bai ba ku haihuwa ba, na ce to. Na yi murna a ranar, ban yi maka ƙarya ba. Daga baya ne abin ya soma cina, kuma a makarantar nan da ka kai ta ya soma.

Ka tuna ranar ziyarar farko da ka ɗauke ni a motarka? Ban taɓa ganin makaranta irinta ba. Tutocin ƙasashe a jere, tafkin wanka, malamai wasu daga Gana wasu daga Indiya, ga ciyawa shar ana ba ta ruwa da rani alhali ba akuyar da za ta ci. Ka yi ta nuna mini ɗakin kwanansu da ɗakin kwamfuta, kana cewa wasu yaran jeka-ka-dawo ne amma taka kwana za ta yi don ta goge. Taka, haka ka ce. Ni ina biye da kai da ledar dafaffiyar gyaɗa, ina ɓoye ta a bayan riga saboda kulolin da na ga iyaye suna saukewa daga but ɗin motocinsu.

Sai shugabar makaranta ta buɗe littafin masu izinin ziyara, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko ni wane ne. Na ga ka buɗe baki. Ni na riga ka, na ce ƙanin babanta ne. Kunya ce ta yi maganar, Yaya, ka fi kowa sani. A nan garinmu Iku duk wanda ya ji haka ya san abin da ake nufi, sai ya yi murmushi. Ita kuwa matar nan ta ɗauki biro ta rubuta, aka buga mini kati na rataya a wuya, daga ranar na zama Ankul. Ka kalle ni ka yi shiru. Me ya sa ka yi shiru? Kalma ɗaya ta isa ta gyara. Ko kuwa daɗi ka ji? Wannan tambayar na yi shekara shida ina haɗiye ta.

Ranar rabon kyaututtuka sau uku aka kira sunanta da naka a bayansa: lissafi, kimiyya, gudu. Lissafin na bar maka, amma gudun nan nawa ne, kai da ko ɗan akuya ba ka taɓa kamawa ba. Ta sauko ta rungume ka a gaban jama'a tana Dadi, Dadi. Da ta iso wurina sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni tana Baba Tanko. Kowa ya yaba tarbiyya. Ladabin ni na samu, sauran duk kai ka kwashe. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja. Kishi nake yi da kai, Yaya. Ga shi na faɗa.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Da ka rasu makaranta ta ciko bas da malamai da ɗalibai suka zo ta'aziyya. Ita suka kewaye, ita marainiya. Ni aka ba ni hannu aka ce in yi haƙurin rashin ɗan'uwa. Na yi kukanka da gaske, Allah ne shaida, amma a can ƙasan zuciyata wani abu yana cewa yanzu za ta dawo. Allah Ya gafarta mini. Kuma ba ta dawo ba. Hotonka ne manne a cikin lokar kayanta ta makaranta, ta koma kwana kusa da shi.

To a watan jiya aka kira daga makaranta. Suna ajin ƙarshe, za a yi rajistar jarrabawa, za a kuma yi mata fasfo, don akwai jami'ar waje da ake sa ran za ta ɗauke ta. Sai aka ga takardar haihuwarta sunana ne a kai, takardun makaranta kuwa naka. Dole a tsayar da ɗaya, kuma sai mahaifi ya je kotu ya yi rantsuwa. Wanda aka tsayar shi zai bi ta har abada, shi za a buga a kan kowace shaida. Hajiya Rabi ta ce magana tana hannuna, ba za ta sa baki ba.

Yaya, ranar ji na yi kamar an ce gobe sallah. Na sa aka goge mini babbar riga. Lami tana ta tsokanata wai ko hakimi za a naɗa ni. Ban kula ta ba. Na ce a raina abin da na bayar da bakina yau zan karɓo da bakina.

Makaranta ta ba ta izinin fita na wuni guda, muka hau Keke Napep daga geti. Ina kallon titi na gaya mata suna zai koma asalinsa. Ta ce to, duk yadda na ce.  Can sai ta soma, rabi Hausa rabi Turancin nan nasu, murya ƙasa-ƙasa. Wai ba musu take yi ba. Amma duk makaranta an san babanta ya rasu, an yi masa addu'a a taron safe, mai kula da ɗakinsu ta yi mako tana kwana kusa da ita. Yanzu da wane baki za ta ce musu akwai wani baban a Iku? Sannan ta ce tana tsaye a wurin ranar da aka buɗe littafin nan. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Ta daɗe da sanin wanda ya haife ta, ta zuba ido ta ji abin da zan ce, ta kuma ji.

Ashe ta ji, Yaya. Ni ina can ina tuhumarka da yin shiru, ban taɓa tunanin akwai mai sauraro ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Me zan ce mata? In ce kunya ce? A makarantar da ka kai ta an koya mata Faransanci, an koya mata iyo, ba a koya mata cewa uba kan ɓoye 'yarsa don tsananin so ba. Ni kuma da ya kamata in koya mata ban taɓa zama da ita ba.

A kotu wani ɗan kudu ne akawun, yana gaban kwamfuta, layi ya yi tsawo, yana ta sauri. Ya tambaye ni mene ne ni a wurinta. Na ce mahaifinta. Ya tambayi sunan da za a tsayar. Takardun biyu suna gabansa, na miƙa yatsa zan nuna. Ya ture hannuna ya ce Oga, rantsuwa ce, da baki ake faɗa. Ina ruwansa da 'yar fari? Tana tsaye a gefena cikin yunifom, kanta a sunkuye, tana murza bakin hijabi. Gumi ya jiƙa mini babbar rigar. Na buɗe baki na ce Hauwa'u Bala.

Ta ɗago kai ta dube ni. Ban san wanne ne ya sa ta ɗago ba, ko don na bar mata naka, ko don ta ji nata a bakina. Ban tambaya ba har na mayar da ita geti.

Shekara goma sha bakwai ina riƙe da sunan nan a bayan haƙorana, ranar da ya fito kuma naka ne ya biyo shi. Ka ci, Yaya. Kada ka ɗauka kishin ya wuce, yana nan daram, kuma na san ranar da za a kira ta a ba ta shaidar gamawa zai sake tashi. Zan je duk da haka, in zauna inda aka ajiye ni, in yi tafi.

Ka yafe mini abin da zuciyata ta raya ranar ta'aziyyarka. Ni ma na yafe shirunka, ko in ce ina kan ƙoƙari. Allah Ya jiƙanka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Sai mun zo.

Ni ne ƙaninka,
Tanko, mahaifin Hauwa'u.