Idon Baba Ya Daina Ganin Jan Ƙarfe

Malama, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Mahaifina maƙeri ne, wuƙaƙe yake yi, a hannunsa na koya. A sana'armu duka da masaba ba shi ne wahala ba. Wahalar tana wajen wuta: ka san lokacin da ƙarfe ya yi jan da ya dace, ka cire ka tsoma a mai, sannan ka sake ɗumama shi a hankali don taurin ya sassauta. In jan ya wuce kima, wuƙa za ta yi kaifi amma ta karye kamar kwalba. Ido ne kawai ke gane wannan, Baba kuwa idonsa ya yi rauni. Yanzu sai ƙarfe ya kusa fari yake cirewa.

Na kasa faɗa masa. Tunda ni ke wasawa da sa ƙota, sai in bari ya tafi hutawa, in mayar da wuƙaƙensa wuta in gyara. Masu saye na yabonsa, shi kuma yana yi min dariya wai har yanzu ban kamo ƙafarsa ba.

To, kwanan nan ɗaya ta kuɓuce min ban gyara ba. Ta karye a hannun wani mahauci yana aiki, ta yanke shi sai da aka yi ɗinki. Baba ya ɗora laifin a kan mai kawo mana sifirin mota da muke ƙera wuƙaƙen da shi, ya ci mutuncinsa a gaban mutane, ya ce ruɓaɓɓen ƙarfe yake sayarwa. Ina tsaye riƙe da awartaki, na bar laifin ya zauna a kansa. Ko abinci ba ya min daɗi. Yaya zan yi?

Ɗan Maƙeri

Ɗana, sannu. Tausayi ne ya sa ka, ba mugunta ba, wannan ka sa a ranka. Amma tausayin nan ya fara cin waɗanda ba su ji ba su gani ba: mutum ɗaya da ɗinki, wani da zubewar mutunci.

Ka samu Baba ku biyu kawai, ba a maƙera ba. Fara da naka laifin, cewa ka ɓoye masa, kafin ka zo kan idonsa. Zai ji zafi, wataƙila ya yi kwanaki bai kula ka ba. Ka daure. Kada kuma ka ɗauka bai sani ba. Mai ido ya fi kowa sanin abin da ya daina gani.

Ka kai shi asibitin ido, wani raunin yana da magani. Kafin nan ku raba aiki a fili: shi da masaba, kai da wuta. Ka je ka duba mahaucin, ka kuma je wajen mai ƙarfen ka wanke shi, ko Baba ya bi ka ko bai bi ka ba.

Mahaifinka ya koya maka aikin ne don irin wannan rana. Ka bar shi ya san ranar ta zo kuma ka iya. Allah ya ba shi lafiya, ya yi maka albarka.