Rawanin da Ya Ƙi Sauka

Zuwa ga ƙanena Isufu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina Hadiza da yara, yaya zaman Agadas? Mu a Gazawa muna nan yadda ka bar mu.

Ka san tun da na aje aikin koyar da yara a lakol nake rubuta ma samarin unguwa wasan kwaikwayo. Bana, a gasar da aka yi a garin Agiye, ba wanda ya yarda ya fito a malamin ƙarya, sai na naɗa rawani na hau da kaina. Muka zo na ɗaya.

Shekaranjiya liman ya yi tafiya, na matsa in ja la'asar yadda na saba. Sai Alhaji Mamman ya riƙe mini hannun riga, ya ce, "Mushe Mamuda, yi haƙuri. Kana ɗaga murya dariya za ta kama yaran nan cikin sahu." Aka sa wani mai facin taya gaba. Shekara talatin ina karantar da 'ya'yansu, Isufu.

Na ce na bar wasa. Yanzu gari ya taso mini, wai in ban je zagayen gasar na Maraɗi ba na kunyata Gazawa. Ran Asabar zan sake naɗa rawanin.

Ka gaida kowa. Ka sa ni cikin addu'a, tunda tawa a nan dariya take ba mutane.

Yayanka,
Mamuda